Yadda za ka shigar da bayanan harajin ƙaramin kasuwancinka a kan lokaci, da yadda ake neman ƙarin wa'adi in abu ya ƙwace

Jama'a kun ishe ni da tambaya a kan maganar nan ta haraji, musamman tun da sabbin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026, hukumar harajin tarayya FIRS ma ta canza suna ta koma NRS. Wani ya ce shi kamfaninsa ko kwabo bai shigo ba duk shekara to me zai je ya ce musu, wata Hajiya mai saida atamfa ta ce an gaya mata ƙananan 'yan kasuwa an yafe musu gaba ɗaya, wani kuma sai da ya je neman kiliyarans, takardar shaidar ba a bin sa haraji, zai shiga wata kwangila aka fito masa da tarar da ta taru masa. Amsar duk ɗaya ce. Biyan haraji daban, shigar da bayanai daban. Ana iya yafe maka na farkon, amma na biyun yana nan a wuyanka, kuma shi ne yake da ranar da in ta wuce tara take fara hawa. To ga yadda abin yake daki-daki.

1. Ka fara sanin wace irin rajista gare ka

Ɗauko takardarka ta CAC, hukumar rajistar kasuwanci, ka duba. In lambarka ta fara da BN, wato sunan kasuwanci ka yi wa rajista, irin su wane da wane Entafirais ko Bencas, to a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne, harajin ribarka na jiha ne. In a Kano kake KIRS, Kaduna KADIRS, Abuja FCT-IRS, kowace jiha da tata hukumar. In kuwa lambar RC ce, sunan ya ƙare da Limited, to kamfani ne mai zaman kansa, harajin ribarsa NRS ce take karɓa, ta tarayya kenan.

Wanda ma bai yi rajistar komai ba, yana buga-bugarsa a shago ko ta waya, shi ma jiha ce da shi, kamar mai BN.

Hattara: mai Limited bai tsira daga jiha ba fa. Kamfanin yana zuwa NRS, amma kai darakta da kake ɗaukar albashi ko wani abu daga kamfanin, harajinka na ƙashin kanka jihar da kake zaune ce da shi, haka na ma'aikatanka. Mutane da yawa a nan suke ruftawa, su gama da ɓangare ɗaya su miƙe ƙafa.

2. Lambar haraji da shiga shafin hukuma

A sabon tsarin lambar NIN ɗinka ita ce tushen lambar harajinka in kai mutum ne, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC. Wanda yake da TIN, wato tsohuwar lambar haraji, tun da can ba sai ya sake wata ba. Abin da ya rage shi ne a buɗe maka shiga shafin shigar da bayanai, na tarayya dai TaxPro Max ne aka fara amfani da shi a 2021, jihohi kuma kowacce da nata shafin, wasu har yanzu sai ka taka ka je ofis da takarda.

Buɗewar kyauta ce. Amma dan Allah imel ɗin da lambar wayar da za a sa su zama naka. Abin da na fi gani yana wahalar da mutane kenan, yaron da ya yi maka rajista a kafe ko wani ejan ya sa imel ɗinsa, shekara ta zagayo ka neme shi ka rasa, ko ya tafi bautar ƙasa ko kun ɓata, fasuwod yana hannunsa, ga wa'adi saura kwana huɗu, canza imel kuma sai ka rubuta wasiƙa ka kai ofis ka jira. In haka naka yake ka je ka gyara yau tun babu matsi.

Rashin yin rajistar haraji shi ma da tararsa a sabuwar doka, naira 50,000 watan farko, 25,000 kowane wata bayan nan.

3. Rubuta ranakun nan ka manna a bango

Nan ne zuciyar maganar. Ba duka ne suka shafe ka ba, ka tsinci naka.

31 ga Janairu: duk mai ma'aikata yana shigar wa hukumar jiha bayanin shekarar da ta wuce, sunan kowane ma'aikaci, albashinsa, da harajin da aka cire masa. Shi ake kira fom H1.

31 ga Maris: bayanin kuɗin shigar mutum na ƙashin kansa, fom A. Mai BN, mai shago, darakta, tela, mai POS, duk ranarku kenan.

Wata shida bayan rufe shekarar lissafi: na kamfani Limited. Yawanci ana rufe littafi ne 31 ga Disamba, shi ya sa kuke jin ana ta maganar 30 ga Yuni. Amma in kamfaninka yana rufewa ƙarshen Maris, taka ranar 30 ga Satumba ce, kada ka bi yarima a sha kiɗa.

Sabon kamfani kuma lissafinsa daban ne: wata 18 daga ranar da aka yi masa rajista, ko wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa ta farko, duk wanda ya riga zuwa. Misali ka yi rajista a Maris ɗin bana ka rufe littafin farko a Disamba, wata shida ya kai ka Yunin baɗi, wata 18 kuma Satumban baɗi, to Yuni ce taka tunda ita ta riga.

Sai na wata-wata. 10 ga wata, harajin albashin ma'aikata na watan da ya wuce, wato PAYE, a tura wa jiha. 21 ga wata, VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki, wanda yake kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, wannan NRS ce da shi ko da kuwa BN gare ka. Harajin da ka cire a jikin kuɗin wanda ya yi maka aiki ko ya kawo maka kaya, wato WHT, in kamfani ka cire wa 21 ga wata ne zuwa NRS, in mutum ne ko mai BN 30 ga wata zuwa jiha.

A kula: anuwal ritan na CAC, wato bayanin shekara-shekara da ake kai wa hukumar rajista, ba haraji ba ne. Wallahi wannan ruɗanin ya ci mutane da yawa, saboda na masu BN shi ma 30 ga Yuni yake cika, sai mutum ya biya na CAC ya riƙe risit yana ganin ya gama da gwamnati. Hukuma biyu ne, fom biyu, tara biyu.

4. Ka gane me aka yafe maka, me ba a yafe ba

Tun Dokar Kuɗi ta 2019 kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, harajin ribarsa sifili ne, kuma ba dole ya caji VAT ba. Sabuwar doka ta ɗaga wannan iyaka sama, ta ƙara sharaɗin cewa kadarorin kamfanin na dindindin, gini da injina da motoci, kada su wuce naira miliyan 250, sannan ta cire masu aikin ƙwararru irin lauyoyi da akantoci da masu ba da shawara daga cikin rangwamen komai ƙanƙantar cinikinsu. Ƙaramin kamfani an kuma ɗauke masa sabon harajin raya ƙasa na kashi 4 da ya maye gurbin su harajin ilimi. Ka sa ofishin da fayil ɗinka yake su tabbatar maka ajin da suka sa ka, domin abin da yake a kwamfutarsu shi za su bi.

Lura da kalmar ciniki. Ba riba ake nufi ba, duk abin da ya shigo ta hanyar sayarwa ne. Ɗan kasuwar Singa ta Kano da yake juya tirelar shinkafa ko suga yana cin 'yar riba kaɗan a kan buhu, cikin 'yan watanni zai iya tsallake iyakar alhali shi a ganinsa ƙaramin ɗan kasuwa ne.

To ko da kana cikin 'yan sifilin, sai ka shigar. Kamfanin da yake kwance bai yi cinikin sisi ba, shi ma sai ya shigar ya nuna babu. Hukuma ba ta da hanyar sanin kai ƙarami ne sai ta takardar da ka kai mata, in ka yi shiru kuma doka ta ba ta dama ta ƙiyasta maka da kanta, kuma ƙiyasinsu ba ya zuwa da sauƙi.

Mai BN kuwa wannan sifilin na kamfani bai shafe shi ba, nasa ma'aunin na mutum ne. A ribar da aka samu daga Janairun 2026, naira 800,000 ta farko babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25. Wato in ribarka ta shekara bayan cire kuɗaɗen gudanar da kasuwa ta tsaya miliyan 3, harajinka 330,000 kenan kafin a cire rangwame. Akwai rangwamen hayar gida da ake cirewa daga ribar kafin a lissafa haraji, kashi 20 na hayar da ka biya amma bai wuce 500,000 ba, sai dai fa sai da risit ɗin mai gida, in ba ka karɓa ka fara.

5. Tara takardu, wata biyu kafin ranar

Ga abin da za a nema a hannunka: sitatimen na duk asusun da kuɗin kasuwa ya bi ta ciki daga farkon shekara zuwa ƙarshe, har da su Moniepoint da OPay ba na babban banki kaɗai ba, littafin ciniki, risit da inbois na sari, lissafin kayan da suka rage a sito ranar rufe shekara, jerin waɗanda kake bi da masu bin ka, takardar albashi, risit ɗin haya da wuta da man janareto da kuɗin mota, sai shaidar WHT da wasu suka cire a kuɗinka.

Wannan na ƙarshen kuɗinka ne fa. In ka yi wa wata ma'aikata ko kamfani saflai suka cire wani kaso, ajiya ce aka yi maka a wurin hukuma, ana rage ta daga harajinka. Shiga shafin ka duba ko ta fito da sunanka, in ba ta fito ba ka koma wurin waɗanda suka cire tun da wuri, don in sun sa lambar haraji ba daidai ba gyaran yana cin lokaci.

Hattara da haɗa asusu. Kuɗin adashi, kuɗin da ɗan'uwa ya turo daga Saudiyya a kai wa Inna, gudummawar biki, duk sun shiga asusun shago, ranar lissafi jami'i yana kallon sitatimen yana ganin ciniki, kai kuma ka zauna kana rantsuwa kana tuna wa ya turo dubu ɗari uku a watan Afrilu. In ba za ka iya raba asusu yanzu ba, aƙalla duk kuɗin da ba na ciniki ba ka rubuta shi a littafi ranar da ya shigo. Takardun nan kuma doka ta ce a ajiye su shekara shida, kada a ba mai ƙosai.

6. Akanta, da abin da za ka kashe

Shigar da bayanai kansa babu ko kwabo da hukuma take caja. Kuɗin da za ka kashe na akanta ne, kuma ya danganta da yawan hada-hadarka da yadda littafinka yake a tsare, wanda ya kawo risitai a buhun bagko ba zai biya daidai da wanda ya kawo lissafi a jere ba. Mai BN da harkarsa ba ta da yawa zai iya cike fom A da kansa ko da taimakon jami'in ofis. Mai Limited ni dai shawarata ya nemi akanta mai rajista da ICAN ko ANAN, ko ƙwararren haraji ɗan CITN, domin sai an haɗa bayanin kuɗi na shekara da lissafin haraji da na ragin tsufan kadarori. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sassauta wa ƙananan kamfanoni tilascin naɗa odita, wannan ya rage tsada, amma bai ɗauke haɗa lissafin ba.

Ku yi ciniki tun Fabrairu ko Maris. A Yuni kowane akanta fayil ya yi masa yawa, farashi ya hau, aikin kuma na gaggawa ne. Kuma kuɗin haraji kada ka ba kowa a hannu ya biya maka, kuɗin aikinsa daban, na gwamnati kai za ka biya da kanka ka ga risit da sunanka.

7. Shigarwa da biya

Ka shiga shafin, ka zaɓi irin harajin da shekarar da ake magana, a cike alƙaluma daga lissafin da aka haɗa, a ɗora takardu, ka karanta da idonka kafin a danna turawa, domin sa hannunka ne a kai ba na akanta ba. In akwai abin biya shafin zai fitar maka da lambar biya, da ita za ka je banki ko ka biya ta intanet. Ka sauke shaidar shigarwa da risit, ka buga a takarda, ka kuma tura wa kanka a imel.

Ana iya biya kashi-kashi, amma sharaɗin shi ne kason ƙarshe ya shiga kafin ranar wa'adi ko a ranar. Ba wai ka fara biya bayan ta wuce ba.

Kada ka kai ranar ƙarshe. Makon ƙarshe na Yuni duk ƙasar nan kowa yana kan shafi ɗaya, ya yi ta juyawa ya ƙi buɗewa, ka biya a banki kuɗin ya fita amma bai nuna ba. Ka ɗauka ranarka 15 ga wata ce. In kuma matsalar ta same ka duk da haka, ɗauki hoton allon yadda kwanan wata da lokaci za su fito, ka tura wa ofishinku ta imel a ranar, ita ce hujjarka in an zo maganar tara.

8. In ka ga ba za ka cimma ranar ba

Akwai ƙarin wa'adi iri biyu, kada a haɗa su.

Na farko wanda hukuma take bayarwa ga kowa da kowa ta hanyar sanarwa. An yi a 2020 lokacin korona, aka ƙara wata guda a kan na kamfanoni, VAT da WHT aka kai su ranar aiki ta ƙarshe a wata. A 2022 da 2023 ma FIRS ta ɗage na 30 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta. Wasu jihohi su ma sukan ƙara 'yan kwanaki a kan na Janairu ko na Maris. Amma wannan ba haƙƙinka ba ne, ba kowace shekara ake yi ba, yawanci kuma sai dab da ranar ake sanarwa, sannan wanda aka yi wa harajin kamfani bai shafi VAT da PAYE ba sai in an ambace su. Saƙon da aka yi ta turawa a guruf ɗin WhatsApp ba sanarwa ba ce, sau da yawa ta shekarun baya ce ake sake yaɗawa, ka duba shafin hukumar da kanka ka kalli shekarar da ke jiki.

Na biyu wanda kai kake nema don wani uzuri naka. Ga yadda ake yi.

Ka rubuta wasiƙa a takardar kamfani zuwa ga shugaban ofishin harajin da fayil ɗinka yake. A ciki ka sa sunan kasuwanci, lambar rajista, lambar haraji, irin harajin da shekarar, ranar da wa'adin yake cika, dalilinka a taƙaice ba tare da dogon labari ba, da takamaimiyar ranar da kake roƙon a kai ka. Ka haɗa hujja. Ƙa'idojin da aka yi tun 2011 kan kimanta wa kai haraji sun ambaci irin uzurin da ake dubawa, rasuwar wani jigo a kamfani kamar darakta, ko gobara, ko wani bala'i kamar ambaliya, kuma ƙarin ba ya wuce wata biyu. To in gobara ce ta ci shago da littattafai, Allah ya kiyaye, ka karɓo rahoton 'yan kwana-kwana da wasiƙar shugabannin kasuwa da hotuna, in rasuwa ce takardar shaidar rasuwa. Akanta ya yi tafiya ko mun shagala da hidimar Sallah, wannan ba uzuri ba ne a wurinsu.

Ka buga kwafi biyu, ka kai da ƙafarka, a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata a naka kwafin. Dole wasiƙar ta shiga KAFIN ranar wa'adi, in da hali da mako biyu ko uku. Wadda ta shiga bayan ranar ba neman ƙari ba ce kuma, roƙon yafiya ne, hanyarsa daban.

Gargaɗi biyu a nan, kuma su ne suka fi muhimmanci a duk rubutun nan. Ɗaya, shiru ba amincewa ba ne, in ba a ba ka amsa a rubuce ba ranarka tana nan inda take, saboda haka ka bi sawu, kana kuma ci gaba da haɗa lissafin kamar ba ka nema ba. Biyu, ƙarin na takarda ne, ba na kuɗi ba. In kana da harajin biya, ka sa akanta ya ƙiyasta maka abin da zai kama ka biya kafin asalin ranar, in an gama lissafi a cike gibin ko a ajiye maka rarar. Wanda ya samu ƙarin wata biyu ya riƙe kuɗin, zai tarar da tarar jinkirin biya tana jiransa.

Su PAYE da WHT da VAT kuma kada ma ka sa rai da wani ƙari, kuɗin ba naka ba ne tun asali, amana ce ka karɓa a madadin gwamnati. Na san akwai jarabar a juya su a sari kafin wata ya ƙare, ka daure kada ka fara.

9. In ranar ta riga ta wuce

Ka shigar yau, ko da babu kuɗin biya a hannu, domin tarar rashin shigarwa wata-wata take ƙaruwa. A da ta harajin kamfani 25,000 ce watan farko sai 5,000 duk wata, shi ya sa mutane suka raina ta. Yanzu naira 100,000 ce watan farko, 50,000 kowane wata da ya biyo. Kamfanin da ya kamata ya shigar 30 ga Yuni ya bari sai Disamba, 350,000 kenan, ko da harajinsa sifili ne. Jinkirin biya kuma kashi 10 na kuɗin ne da ƙarin ruwa a kai. Wanda ya kamata ya cire WHT bai cire ba, tararsa kashi 40 na abin da bai cire ɗin ba, sai dai ƙa'idar da ta fara aiki Janairun 2025 ta ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa cirewa in hada-hadar ba ta wuce miliyan 2 a wata ba kuma wanda ake biya yana da lambar haraji.

Bayan ka shigar sai ka rubuta neman a yafe ko a rage tarar, da dalili da hujja kamar dai waccan wasiƙar, kuma in ka riga ka biya asalin harajin maganarka ta fi shiga. In shekaru ne suka taru, a fara daga mafi tsufa a jero su, domin takardar kiliyarans shekara uku na baya take dubawa.

In kuma takardar ƙiyasi suka aiko maka da adadin da ba ka yarda da shi ba, kwana 30 gare ka daga ranar da ta iso ka rubuta ƙin amincewa, ka faɗi dalili, ka faɗi adadin da kai ka yarda da shi, ka haɗa lissafinka. Rubuta ranar da ka karɓe ta a jikin ambulan. In kwana 30 suka wuce ba ka ce komai ba adadin ya zauna daram, in kuwa ka rubuta ba a daidaita ba, sai ka wuce kotun ɗaukaka ƙarar haraji, ita ma cikin kwana 30 daga ranar da suka ba ka amsa.